Ɗan wake da siket mai roba, daga nan nake fara wa masu koyo

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da yadda muke koya wa yaranmu girki da ɗinki a nan karkara, ni dai a yankinmu na Taura a jihar Jigawa haka nake gani, kuma nasan sauran garuruwan ma duk kanwar ja ce. Yarinya zata tsuguna gaban murhu ta ce Inna kanwar kamar yaya zan zuba, sai a ce mata ki zuba daidai mana. To daidai ɗin nawa ne? Ita Inna ta fi shekara talatin tana kwaɓa ɗan wake, hannunta ya riga ya san abin, ido ba mudu ba ya san kima, amma yarinya 'yar shekara goma sha uku ina ta samo wannan idon? In abin ya ɓaci kuma a hau ta da faɗa, wai bata da kai, wai a gidan miji zata ja mana abin kunya. Wallahi abin nan yana min ciwo, don yawancinsu ba sakarci bane, ba a basu ma'auni bane kawai.

Shi yasa duk wadda ta zo wajena koyo, abu biyu nake fara miƙa mata, gwangwanin madara wanda aka fafe bakinsa da tef ɗin awo.

Ɗan wake nake fara sa su saboda komai nasa yana gida ko a maƙota, babu zancen sai an je birni. Garin wake gwangwani 2, garin rogo wato alabo gwangwani 1, kuka cokalin cin abinci 2, a tankaɗe su tare. Wasu gidajen fulawa suke sawa maimakon alabo, wasu garin dawa, duk yana yi, amma mai koyo ta tsaya a kan guda ɗaya tukuna har hannunta ya faɗa. Kanwa kuma ɗan gutsure kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu, a jiƙa ta tun da wuri a kofi, in ta narke a tsiyaye ruwan saman a bar yashin a ƙasa, kar a juye duka don zai sa ki tauna ƙasa. Da ruwan kanwar nan ake fara kwaɓin sannan a dinga ƙara ruwa kaɗan kaɗan, kar a kwarara lokaci guda. Kukar ita ke riƙe shi, kanwa kuma ta sa ya yi danƙo ya yi laushi, in kanwar ta yi yawa zaki ga ya yi duhu yana ɗaci yana wani bugun hanci, in kuka ta yi kaɗan kuma sai ya watse a tukunya ya koma kamar kunu. Alamar kwaɓi ya yi, ki ɗebo da yatsu ki ga yana jan jiki kafin ya tsinke, baya zuba da kansa.

Inda yara suka fi faɗuwa shi ne wajen sakin. Ruwa sai ya tafasa sosai yana ɓararraka, ba wai ya fara tururi ba, sannan ki jiƙa hannu ki dinga gutsura ƙanana kina sakawa. Zasu nutse, can kuma su taso sama, to tasowar nan ba ita ce nuna ba, ki ƙara musu kamar minti 10 zuwa 15. Kar ki rufe tukunyar ruf don kumfa zai taso ya kashe miki wuta, barin ma in da kara kike girkin, ki ɗan karkata murfin. Ki tsamo ɗaya ki raba shi biyu, in tsakiyar babu fari fari na gari shikenan ya yi, sai a tsame cikin ruwan sanyi. Man gyaɗa a soya da albasa har ta fara ja, yaji mai ƙuli, in lokacin tumatir ne yana araha a yanka a kai. Na taɓa ganin wata yarinya da ta raba nata ta ga cikin ya nuna tas, ta ɗago tana murmushi ta ce Anti dama iya abin kenan? Nace iya shi kenan ƙanwata.

Garau garau ba sai na ja zance ba, wake ake fara zubawa don ya fi shinkafa daɗewa a wuta, sai ya fara laushi kina matsa shi yana fashewa da ƙyar sannan shinkafa ta bi. In shinkafar gida ce irin wadda ake kawo mana daga wajen Haɗeja to a rege ta da ƙwarya da kyau, tsakuwa ɗaya ta isa ta ɓata wa mutum cin abincin gaba ɗaya. Kwaɗon zogale kuwa ko yaro zai iya, a dafa ganyen a matse ruwan sosai, garin ƙuli, albasa, attaruhu, gishiri da ɗan mai, a cakuɗa. Matsewar ce sirrin, in kika bar ruwa a jiki ƙulin zai jiƙe ya yi caɓa caɓa.

Ban ƙi masu kallon bidiyon girki a Facebook da TikTok ba, nima ina kalla in data ta samu, amma rabin kayan da suke lissafowa ko a kasuwar Gujungu ranar Lahadi ba lallai ki haɗa su ba, ga uban kuɗi, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa yasan yadda cefane ya koma. Yarinya ta kalli wancan ta dubi tukunyar gidansu sai ta raina abin da take da shi, alhali wake da zogale abinci ne mai gina jiki da riƙe ciki.

To sai ɗinki, nan ne ma na fi so mu tsaya.

Kar a fara da yanka atamfa dan Allah. Kar ma a fara da zare. Keken da ya fi yawa a gidajenmu shi ne Butterfly baƙin nan na ƙafa ɗan ƙasar Sin, baya buƙatar wutar nefa, kuma abin da ke wahalar da mai koyo a kansa ba hannu bane, ƙafa ce. Wilin nan na dama wajenki yake juyowa, in ƙafa bata saba ba sai ya koma da baya, yana komawa zare ya tsinke ko ya cukurkuɗe. Don haka nake cire zaren gaba ɗaya in ce ta yi ta takawa har ta iya tashi da tsayawa ba tare da wilin ya juya baya ba. Bayan nan sai takardar littafin makaranta mai layi, allura babu zare ta dinga bin layin, in ta gama mu ɗaga takardar a rana mu ga hujin, nan take zata ga inda ta karkace da idonta, ba sai na ce komai ba. Kuma kar ta ja ƙyalle ko ta tura, haƙoran keke ne ke tafiya da shi, hannu saiti kawai yake yi. Masu ja su ne masu karya allura.

In layi ya miƙe sai a je wajen tela a roƙi ƙyallaye, ko ragowar yadi in wani zai shiga Kantin Kwari a Kano a ba shi sautu. Rigar filo ce farko don duk layi ne miƙaƙƙe, sai jakar Islamiyya ta saka Alƙur'ani da littattafai, wannan yara suna murna da ita sosai don gobe gobe zasu rataya su tafi da ita kowa ya gani.

Na uku shi ne siket mai roba na ƙaramar yarinya, yadi ɗaya ya isa, yadi kuma inci 36 ne, turmin atamfa yadi 6. Ki auna inda ya fi faɗi a ƙugunta ki ƙara inci 6 zuwa 8 don ta samu sakewa, wannan shi ne faɗin. Tsawo kuma daga ƙugu zuwa inda kike so ya tsaya, ki ƙara inci 3, biyu na gidan roba ɗaya na kalmasar ƙasa. Ki zana da alli kafin almakashi ya taɓa, ki sake aunawa, don abin da aka yanke baya dawowa. Ki haɗa fuska da fuska ki ɗinke gefen, ki kalmashe sama ki ɗinka amma ki bar 'yar kafa kamar inci ɗaya da rabi, ki yanki roba ta gaza ƙugun yarinyar da inci 1 ko 2, ki maƙala fil a bakinta ki zura ta zagayo, ki ɗinke bakunan biyu tare sannan ki rufe kafar. In yadin auduga ne sabo a wanke shi kafin a yanka don yana shiga, kar ki gama wahala wankin farko ya ɗage.

Guga ma bana wasa da ita, duk layin da aka ɗinka a bi shi da dutsen guga ko na gawayi ne, kalmasa ma a goge ta kafin a hau keke, sai kiga ta kwanta ba sai kina kokawa da ita ba. Bambancin ɗinkin da ya yi kyau da wanda ake cewa na koyo ne yawanci a nan yake.

In kika juya ƙyalle kika ga zare ya taru a ƙasa ya yi gidan tsuntsu, kar ki hau kwance ƙoshiya wato gidan zaren ƙasa, yawanci laifin zaren sama ne, ko ya yi sako sako ko ba a bi da shi ta hanyarsa ba, ki ɗaga 'yar ƙafar nan da ke danne ƙyalle ki zare zaren saman duka ki sake sakawa daga farko. Allura lamba 14 ta wadatar wa atamfa, 16 ta yadi mai kauri, in ta dakushe tana tsallake ɗinki a canza ta. Kuma man keke ake ɗiga masa, dan Allah banda man gyaɗa, don yana daskarewa ya kama ƙura ya ƙara masa nauyi, lokacin hunturu ma da ƙurar nan take tashi a dinga lulluɓe kan keken da tsohon zani in an tashi daga aiki.