Abin da gyaran motocin rimot ya koya mini game da awo

Sana'ata gyaran waya ce a Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfutoci da ke Ikeja a Legas, kuma daga Agege nake zuwa kullum. Motocin rimot daga baya suka shigo. A Legas, duk wanda aka ga ya iya riƙe ƙarfen soda ba a barinsa da waya kaɗai: yau a kawo maka lasifika, gobe fitila mai caji, jibi wani ya dire maka motar ɗansa ya ce ta daina tafiya. Da farko 'yan ƙananan nan ne na roba, waɗanda galibi waya ɗaya ce ta tsinke a ciki. Sannu a hankali aka fara kawo manyan, irin waɗanda ake kwancewa gaba ɗaya a sake musu inji, a sake giya, a sake taya. Su ne suka tilasta mini sayen baniya, ma'aunin nan mai baki biyu da kanikawa ke kama kaurin ƙarfe da shi.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne lambar da ke jikin kwali. An rubuta 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske, sai mai mota ya ɗauka duk kayan da aka rubuta wa 1/10 zai shiga tasa. Ina! Kashi ɗaya cikin goma na ƙatuwar motar jeji daban, na motar tsere mai bin kwalta daban. Abin da ke yanke hukunci milimita ne. Gurbin nan mai kusurwa shida inda wili ke zama, a yawancin motocin 1/10 milimita 12 ne, a na 1/8 kuwa 17. Motar tseren kwalta ta 1/10 tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya kusan milimita 257 ce, bodinta kuma akwai mai faɗin 190, akwai mai 200. Milimita goma ba komai ba ce a ido, amma ita ke sa taya ta riƙa gogar bodi a kowace kwana, ko ta lume ciki motar ta yi muni.

Inda kalkuleta ta intanet ta fi yi mini amfani shi ne wajen giya. Wani Alhaji mai harkar canji ya taɓa kawo mini motar rimot ƙirar Tamiya TT-02 ta ɗansa, an riga an sa mata inji marar burushi. Ya ce, “Malam, ni ba dogon bayani nake so ba, so nake ta wuce ta ɗan maƙwabcina.” Na ce, “Alhaji, bari mu ga abin da take yi yanzu tukuna.” Ƙaramar giyar da ke bakin inji haƙoranta 22, babbar da take juyawa 70, sannan giyoyin cikin motar suna ƙara rage juyin da ninki 2.6. Ka raba 70 da 22, ka ninka da 2.6, za ka sami 8.27. Ma'ana sai inji ya juya sau takwas da ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. Injin an rubuta masa 3000KV, wato juyi 3,000 a minti kan kowane bolt ɗaya na wuta. Batirin LiPo mai gida biyu bolt 7.4 ne, ka ga juyi 22,200 ke nan a minti. Tayar na auna ta, milimita 64 daga gefe zuwa gefe, zagayenta kusan 201. Da na zuba waɗannan a kalkuleta, sai ta ba ni kimanin kilomita 32 a awa. Na mayar da ƙaramar giya 25, ta ce kusan 37. Na bar giya a 22 yadda take na sa batir mai gida uku, bolt 11.1, ta haura 48.

Idon Alhaji a kan 48 ɗin nan ya tsaya. Duk wanda ya taɓa yin acaba ya san abin da ke biyo baya, domin daidai yake da sauya sufuroket ɗin babur: ka samu gudu a miƙaƙƙiyar hanya, ka rasa ƙarfin tashi, inji kuma ya riƙa wahala. Kalkuleta ba ta faɗin wannan. Lambar KV juyin inji ne ba tare da kaya a kansa ba. Ba ta san nauyin motar ba, ba ta san yaron a kan yashi ko ciyawa zai tuƙa ba, balle ta san zafin Legas na watan Maris. Don haka lambar da ta bayar iyakar sama ce, a ƙasa ba a cika kaiwa nan ba. Ni abin da nake yi, in na sauya giya sai a tuƙa motar 'yan mintoci, a tsaya a auna zafin inji. In ya doshi digiri 70 zuwa 80, na rage haƙoran ƙaramar giya, ko mai motar ya ji haushi. Zafi mai yawa yana raunana maganaɗisun da ke cikin inji, kuma in ya yi rauni ba ya dawowa. A ƙarshe 25 ɗin muka sa wa Alhaji, da batirinsa na da.

Akwai wani abin da lissafin giya ba ya tambaya sam, kuma shi ya fi cinye kuɗin mutane: girman haƙorin kansa. Giya biyu za su iya zama da haƙora 22 kowacce amma ba za su ci da babbar giya ɗaya ba. Kamfanonin Amurka sun fi amfani da ma'aunin inci, ka ga an rubuta 48P ko 32P. Wasu kuma na milimita suke bi, ka ga 0.6 ko 0.8 ko 1. Hanyar haɗa su ita ce ka raba 25.4 da lambar inci. 32P tana ba da 0.79, shi ya sa take tafiya da 0.8 ba matsala. Amma 48P tana ba da 0.53, ita kuwa TT-02 da 0.6 take zuwa. A ido kamar ɗaya suke, har za su shiga juna su juya in ka murza da hannu. Ka ba ta wuta, sai ka ji ƙara, kafin batir ya ƙare haƙoran babbar giyar, da yake ta roba ce, sun zama gari. An sha kawo mini irin wannan, mai ita yana rantsuwa cewa adadin haƙoran daidai ya saya. Gaskiya ya faɗa kuwa.

Ramin giyar ma sai an duba. Sandar injin da ake kira 540 kaurinta milimita 3.175 ne, wato kashi ɗaya cikin takwas na inci, manyan injuna na 1/8 kuwa yawanci 5. Boris haka: 5x11x4 da 5x10x4 bambancinsu milimita ɗaya ne a faɗi, ɗaya ya zauna daram, ɗaya ya riƙa rawa a gurbi. Shakazoba daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami ake aunawa. Wajen ɗaura inji kuma har yanzu tsohuwar dabara nake bi: ka sa 'yar siririyar takarda tsakanin giyoyin biyu, ka matse, ka ɗaure kusoshi, ka zare takardar. Ɗan sararin da ta bari shi ake so.

Abin da ya sa na matsa wa awo haka shi ne inda muke. Wanda ke Ladipo, kasuwar kayan gyaran motoci, yana neman kayan Toyota zai iya riƙe tsohon ƙarfen a hannu ya zaga layi-layi har ya dace. Mu kuwa yawancin kayan nan daga Sin ake oda, a biya da farashin dala, a jira makonni, kuma in ya zo bai shiga ba babu zancen mayarwa, kuɗin aikawa ya fi kuɗin kayan. Shi ya sa na ware littafi guda, kowace mota da shafinta: haƙoran giyoyi da girmansu, kaurin sanda, gurbin wili, tsawo da faɗi da tsayin ɗakin batir. Yaron shagona ya so ya riƙa ɗaukar hoto kawai da waya, ya ce, “Oga, ai ya fi sauri.” Na ce ya ɗauka, amma da baniya a jikin ƙarfen lambar tana nunawa, sannan ya rubuta a littafin kafin a mayar da kusa ko ɗaya.