Gargaɗi 14 da na yi wata biyu ina tsallakewa

Jama'a, sai ƙarfe biyun dare na gama jiya, kuma wallahi har yanzu raina bai huce ba.

Kun san 'yar manhajar da nake rubutawa da yaren kwamfuta na C don lissafin bashi a shagon atamfar yayana a Kantin Kwari. Duk sanda na haɗa ta a Ubuntu (wani nau'in Linux) da zaɓin -O2 mai ƙara mata sauri, sai GCC, manhajar da ke haɗa ta, ya jero mini gargaɗi 14, wai na yi watsi da amsar da fanshin (ƙananan sassan manhaja masu aiki guda) na write mai rubutawa da fgets mai karantawa suke maidowa. Tunda tana aiki, ko a jikina. Ranar Asabar filashin da muke ajiya a kai ya cika. Ashe write ya maido -1, wato ya gaza, ba wanda ya duba, allo ya nuna "an ajiye", bashin yini guda ya ɓace. Yaya bai ce uffan ba, tsohon littafinsa kawai ya jawo da biro. Shirun nan ya fi mini faɗa ciwo. Katin naira dubu biyu na ƙarar ina kiran kwastomomi ɗaya bayan ɗaya.

Na gyara write ɗin ajiya, sauran na ce bari in sa void, wato "ba na buƙatar amsar", a gabansu su yi shiru. GCC ya ƙi. Yini guda ina zargin kaina, na goge na sake. Ashe in an yi wa fanshin alamar warn_unused_result, mai sa a yi gargaɗi in ba a duba amsarsa ba, void ba ya rufe wa GCC baki, takwaransa Clang ne yake yarda. Gara da ya ƙi, don a nan na gano abin da ya fi tayar mini da hankali: write kan rubuta rabin abin da ka ba shi, ya maido adadin, ba tare da -1 ba. Duba -1 kaɗai bai isa ba ke nan. Yanzu na sa shi yana zagayowa har sai komai ya shiga, in EINTR ne, wato katse shi aka yi, ya sake gwadawa. Ko close mai rufe fayil ma ina duba amsarsa.

Nawa fanshin ɗin kuma, bakwai kullum 0 suke maidowa, ba mai karɓa. Na mai da su void, ba sa maido komai. Biyun da za su iya gazawa na manna musu alamar warn_unused_result ɗin. Masu yaren C++17, nodiscard ce irin wannan alamar taku.

Da safe na cika filashin da gangan na gwada. Allo ya ce "ajiya ta gaza". Alhamdulillahi! Saura fsync, mai tilasta ajiya ta sauka a kan filashin, saboda ɗauke wuta, wanda ya taɓa amfani da shi a kan filashi ya taimaka mini.