Zama da daraktan da ba ya zuwa ofis kullum

Idan aka ce maka wani ɗan bod, wato hukumar daraktocin kamfani, yana son ganinka, musamman irin daraktocin nan da ba sa cikin masu tafiyar da kamfani yau da gobe, to ka fara gane wane ne shi tukuna. Ba shi zai sa hannu a takardar hutunka ba, ba shi da ofis a wurinku, wataƙila sai bayan wata uku kake ganin motarsa a bakin get, amma shi ne yake da hurumin zaunar da MD, wato manajan darakta mai tafiyar da kamfanin, ya tambaye shi ina kuɗin nan suka shiga. Ni a sashen akawu nake a wani kamfanin sarrafa abinci a Kano, kuma gaskiya zama da irinsu ya koya min aiki sosai.

Dokar kamfanoni ta 2020 da ake ce wa CAMA ta ce kwamitin binciken kuɗi na kamfanin da jama'a ke da hannun jari a ciki mutum biyar ne, uku daga masu hannun jari, biyu daga irin waɗannan daraktocin, kuma dole a samu aƙalla mutum ɗaya ƙwararren akanta a cikinsu. Kaga kenan mutumin da zai zauna gabanka ba gaisawa ya zo yi ba, amana ce a wuyansa, idan lissafi ya ɓaci har shi za a tuhuma.

Abin da ya sani game da ku duk daga takardun da aka tura masa kafin mitin ne, shi ya sa ni yanzu kafin komai sai na je wurin sakataren kamfani na roƙi ainihin takardun da aka ba daraktan, na karanta su kamar ban taɓa shiga kamfanin ba. A nan ne zaka ga inda tambaya za ta fito. Daraktan namu dattijo ne, tsohon ma'aikacin banki, zai zo da takardunsa duk ya zazzane su da jan biro, ya lanƙwasa shafin basussukan da diloli ba su biya ba, ya ɗora yatsa a kan waɗanda suka haura kwana 90 ya ce "wannan fa, wa ya ba da izini a ƙara masa kaya alhali bai biya na baya ba?" Ba ya ɗaga murya ko kaɗan, sai ya yi shiru yana jiranka. Wallahi idan ba ka shirya ba shirun nan kaɗai ya isa ya sa ka fara kame-kame.

Don haka shafi ɗaya nake rubutawa, ba fayil mai kauri ba. Bashin da muke bi, kuɗin dizal na janareta, abin da aka ƙirga a sito da abin da kwamfuta ta ce yana nan, kuma kowace lamba na san daga wace takarda na ɗauko ta. Idan akwai giɓi ni nake fara faɗa da bakina, don in shi ya gano da kansa to sauran lambobinka ma sun shiga zargi. Abin da ban sani ba kuwa sai na ce ranka ya daɗe ba ya hannuna yanzu, zan turo kafin Juma'a, kuma na tura ɗin.

Wani abu da mutane ke raina wa shi ne sanar da oganka. Ka gaya masa za a yi zaman, ka nuna masa shafin nan, ba don ya gyara maka gaskiya ba, don kar ya ji magana a zaman bod kamar daga sama. Kuma don Allah kar ka mayar da wurin dandalin ƙorafin albashi ko waye aka yi wa ƙarin girma, wannan ba hurumin daraktan ba ne, lokacinsa kawai zaka ci. Amma idan abu ne na cin amana kamar ana karkatar da kaya, wannan daban ne, ƙa'idar tafiyar da kamfanoni ta Najeriya ta 2018 ma ta ce a samar da hanyar fallasa irin wannan a ɓoye sunan mai magana, ka bi ta can da hujjarka a hannu.

Bayan an tashi kuma nakan zauna a ranar na rubuta abin da ya nema da ranar da na ce zan kawo, na tura ta hannun sakataren kamfani na sa MD a ciki, don a zama na gaba da waɗannan zai fara.