Ga ƙannena masu karatun ilimin halittu a Damagaram

Ƙannena da ke Jami'ar André Salifou, ku guji kuskuren da na daɗe ina yi: a zana cibiyar ƙwayar halitta da da'ira ɗaya, a huda mata ramuka, a wuce. Tantanin cibiya biyu ne, na ciki da na waje, kuma a bakin kowace ƙofa, wato ramin da kaya ke shiga da fita cibiya ta cikinsa (nuclear pore), suna lanƙwasowa su haɗe. Duk zanen da bai nuna wannan haɗewa ba, bai nuna ƙofa ba.

A wurin haɗewar ginin ƙofar yake zaune. Furotin kusan iri 30 ne, ana ce musu nukiliyoforin, an jera su kashi takwas kewaye da hanya guda. Faɗin ginin wajen nanomita 120 ne, don haka kada ku ɓata safiya kuna nemansa a madubin haske na ɗakin gwaji, wanda ba ya rarrabe abin da bai kai nanomita 200 ba. Ku zana zobba uku, da zaruruwa ta waje, da kwando ta ciki. Tsakiyar hanyar cike take da zaren furotin mai maimaita fenilalanin da gilaisin, biyu daga cikin tubalan da ake gina furotin da su. Abin da nauyinsa bai wuce kilodalton 40 ba yakan ratsa da kansa. Babba kuwa sai da ɗan rakiya: importin wajen shiga, exportin wajen fita.

Ku riƙe wannan da kyau: furotin Ran, mai tsara alkiblar shige da fice, siffa biyu gare shi; Ran-GTP ya fi yawa a cikin cibiya, Ran-GDP a waje. In kun juya su, bayanin duka ya rushe, domin Ran-GTP ne ke sa importin ya sauke kayansa a ciki.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗauka cewa ƙofar iri ɗaya ce a kowace ƙwaya. Ku dubi Nup210, ɗaya daga cikin nukiliyoforin. Babu shi a ƙwayoyin da za su zama tsoka muddin suna kan rarrabuwa, sai sun fara rikiɗa, wato komawa ƙwayoyin tsoka sosai, yake bayyana. A 2012 an nuna cewa in an hana shi fitowa, zaren tsoka ba ya samuwa, ƙwayoyin ma su mutu, alhali shige da ficen kaya bai tsaya ba. Abin da ya canza shi ne waɗanne ƙwayoyin gado aka kunna. Ke nan aikin ƙofar ya wuce gadi, da ita ake tsara yadda za a karanta DNA. Nup153 kuwa akasin haka yake yi a ƙwayoyin asali na ɓera, waɗanda za su iya rikiɗa zuwa kowace irin ƙwaya: yana taimakawa a rufe ƙwayoyin gadon rikiɗa, in an rage shi sai su rikiɗa tun lokaci bai yi ba.

Saboda haka in an tambaye ku rawar ƙofa a rikiɗar ƙwaya, ku raba amsar gida biyu: wane furotin aka bari ya shiga cibiya, da wane nukiliyoforin ke taɓa ƙwayoyin gado. Misalin da ya dace a ƙara daga ɓangaren lafiya shi ne NUP98, wani nukiliyoforin da in ƙwayar gadonsa ta manne da wata ƙwayar gado, ƙwayoyin jini sukan kasa gama rikiɗa, a samu sankarar jini.