Ƙaho, ma'auni da sanda: kayan sabon mai bindigar toka

Ni baduku ne a Tudun Wadan Kaduna. Ba na ƙera bindiga, ba na sayar da albarushi. Aikina kayan da ke rataye a jikin mai bindigar toka, wadda ake ɗura wa ta baki, wadda 'yan tsokana ke kira harba-ka-ruga. Yaro ya zo ya ce ya gaji ta kakansa, tambayata ta farko ita ce takardar izini daga 'yan sanda, don dokar makamai ta 1959 ta ambaci irin wannan bindiga. In babu, sai mu gaisa ya wuce.

A Zariya na koyi aikin, wajen kawuna, wanda 'yan bindigar hawan Sallah ke kawo wa gyara. Yakan ba mu labarin babban hawan da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956 har muka haddace. Shekara guda cur ban taɓa allura ba, ƙaho kawai nake karta.

Ƙahon kuwa, wanda ake ajiye albarushi a ciki, shi ne uwar kayan. Na bijimi nake zaɓa a mayanka, in dafa shi har ɓargon ciki ya fita, in kankare shi har in an ɗaga shi a rana a ga inuwar abin da ke ciki. Gindin a toshe da icce, a liƙe da kakin zuma. Kafin ya bar hannuna sai na hura shi da baki. In iska ta sami hanya, raɓar watan Agusta ma za ta samu, albarushi ya dunƙule. Ƙaho ba ya tartsatsi kamar ƙarfe. Amma yanzu sai ka ga mutum da albarushi a gorar lemo, wai ƙahona ya yi tsada!

Sai ma'auni, wanda ake fara auna albarushi da shi kafin a juye a bindiga. Ba a tsiyaya daga ƙaho kai tsaye cikin bututun bindiga, domin wani lokaci akwai sauran garwashi a ciki, ƙahon gaba ɗaya ya tashi a hannunka. Na ga wanda yatsu uku suka rage masa. Kawu ya nuna min hannun ya ce, "Duba da kyau, ɗana," bai ƙara komai ba. Kuma kada wanda ya farke harsashin zamani ya juye garinsa a bindigar toka, bututun ba zai ɗauka ba.

Sanda ta dannawa ina yi mata zane biyu: na bututu fayau, da na bututu ɗure. Dalma dole ta zauna daram a kan albarushi, in an bar rata bututu ya kumbura ko ya fashe. Sauran tarkace, ƙyallen auduga, tsinken tsokace kafar wuta, ɗan mai, duk suna da aljihunsu a jakar. A wanke bututu da ruwan zafi ranar da aka harba, don tokar tana jan danshi, kwana ɗaya tsatsa ta kama.

Jakar nan fatar akuya ce jemammiya, ɗinkin hannu. Makon jiya wani ya shigo da ta roba da ya saya da araha, maratayin ya tsinke a daji. Yana so in gyara, kuma har yana cewa, "Haba Baba, a rage mana." Na ce ya ajiye ta, ya dawo ranar Laraba.