Furotin: abin da ya haɗa awara, allurar insulin da ciwon sikila

Mai awara a Tudun Wada da ke tsiyaya ruwan tsami cikin madarar waken suya, da mai ciwon suga da ke neman inda zai ajiye insulin ranar da aka ɗauke wuta, da uwar da ke jinyar ɗa mai sikila a cikin hunturu, dukkansu abu guda suke fama da shi, wato siffar furotin. Yawancinmu a bakin ma'aikatan lafiya muka san kalmar, inda ake cewa nama da ƙwai da wake abinci ne mai gina jiki. Haka ne, amma rabin zancen ke nan. A cikin jiki furotin ma'aikaci ne. Shi ke ɗaukar iskar oksijin, shi ke narkar da abinci, shi ke yaƙar cuta, shi ne tsoka da jijiya da gashi. Kuma kowane aiki daga cikin waɗannan ya rataya ne a kan yadda furotin ɗin ya naɗe.

A ɗauki carbi. Ƙwayoyin da ake jerawa su ne amino asid, kuma iri 20 ne jiki ke aiki da su. Gadon bayansu ɗaya ne, a reshen da ke gefe suka bambanta. Wani reshen yana son ruwa, wani yana gudunsa kamar mai, wani kuma yana ɗauke da cajin lantarki. Bayanan gado da ke cikin DNA su ke faɗin wace ƙwaya ce za ta bi wace. Da zarar an gama jerawa, sai sarƙar ta naɗe kanta: masu gudun ruwa su ɓuya a ciki, masu son ruwa su fito waje, wani sashe ya murɗe kamar igiya, wani ya kwanta layi-layi kamar tabarma. Linus Pauling da Robert Corey ne suka bayyana waɗannan siffofi biyu a 1951. A ƙarshe ana samun dunƙule mai lungu da saƙo, kuma lungun nan ne ke dacewa da abin da furotin zai yi aiki a kansa, kamar makulli da kwaɗo.

Abin lura a nan shi ne, ɗaurin da ya haɗa ƙwayoyin carbin yana da ƙarfi, amma mafi yawan abin da ke riƙe da naɗin mai rauni ne. Zafi ko tsami suna warware naɗin ba tare da sun tsinka sarƙar ba. Farin ƙwai yakan fara daskarewa a wajen digiri 62 na ma'aunin Selshiyos, gwaiduwa kuma tsakanin 65 da 70. Sarƙoƙin da suka warware sai su sarƙafe da juna, shi ya sa dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye. Ga abinci wannan alheri ne, domin hanji ya fi iya narkar da furotin da ya warware. Ga magani kuwa asara ce.

Mu fara da awara, tun da ita ce kowa ke gani. Kusan kashi 36 zuwa 40 cikin ɗari na busasshen waken suya furotin ne. Ana jiƙa shi awa 8 zuwa 10, amma a watan Maris da Afrilu a rage, don ruwan jiƙon kan yi tsami da wuri, kuma waken da ya yi tsami tun a jiƙo ba ya ba da madara mai yawa. A markaɗa, a tace, jimillar ruwa kamar lita 8 zuwa 10 ga kowane kilo ɗaya na busasshen wake. Wajen tafasawa ake yawan kuskure. Madarar takan taso da kumfa tun kafin ta kai ainihin tafasa, sai a ɗauka ta nuna. A rage wuta, a bar ta ta ci gaba da tafasa minti 10 zuwa 15. Dalili kuwa, ɗanyen waken suya yana ɗauke da wani furotin da ke toshe bakin tiripsin, sinadarin da hanji ke yanka furotin da shi. Zafi ne ke warware wannan mai toshewar, in ba haka ba sai kumburin ciki, kuma amfanin abincin ya ragu.

Sai zuba ruwan tsami. A cikin madarar, dunƙulen furotin duk caji iri ɗaya suke ɗauke da shi, don haka suna ture juna, suna yawo a warwatse. Tsami yana kashe wannan cajin, kuma yayin da ma'aunin tsami na pH ke gangarowa wajen 4.5 sai su daina ture juna, su dunƙule. A sauke tukunya, a bari zafin ya ɗan sauka zuwa digiri 75 ko 85, a riƙa zuba ruwan tsamin kaɗan-kaɗan ana juyawa a hankali, sannan a rufe minti 10 zuwa 15. Ruwan da ya taso sama shi ne alƙali. In ya fito garau da ɗan rawaya, an dace. In har yanzu fari ne, akwai sauran furotin a ciki, a ƙara tsami kaɗan. In tsamin ya yi yawa, awarar za ta yi tauri, ta riƙa marmashewa, ba ta kuma auki. Yawan juyawa ma yana farfasa ta. Haka kindirmo ke kamawa, sai dai shi ƙwayoyin bakteriya ne ke samar da tsamin, furotin ɗin madara ya daskare a wajen 4.6. Cukun Fulani hanyarsa daban: ruwan tumfafiya yana da sinadarin da ke yanka furotin ɗin madara, irin aikin da ganyen gwanda ke yi in aka naɗe nama mai tauri da shi.

Insulin ƙaramin furotin ne, amino asid 51 kacal, a sarƙa biyu, ɗaya 21 ɗaya 30. Shi ne furotin na farko da aka gano jerinsa daga farko har ƙarshe, aikin Frederick Sanger a Ingila, wanda ya kammala a 1955. Kasancewarsa furotin shi ya sa ba a haɗiyarsa: ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama. Shi ya sa kuma yake tsoron zafi da ƙanƙara. Kwalbar da ba a buɗe ba, wurinta firji, tsakanin digiri 2 da 8, nesa da ɓangaren ƙanƙara. Wadda ta taɓa daskarewa ta lalace ko da ta narke daga baya. Wadda ake amfani da ita, yawancin nau'o'in suna jure kimanin kwana 28 muddin zafi bai wuce 30 ba, amma a duba takardar da ke cikin kwalin. Matsalar ita ce ɗaki mai rufin kwano a Rigasa ko Kawo da ke Kaduna a bazara yakan wuce hakan. A nan dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, take da amfani: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, kwalbar kuma a cikin leda don kada ruwa ya taɓa bakinta. Ta fi aiki da rani lokacin da iska ta bushe, da damina sanyinta kan ragu. Insulin mai garau da ya yi gurɓi, ko mai farin launi da ya yi gudaji ko ya manne a jikin kwalba, a daina amfani da shi. Wani lokaci ma ido ba ya ganin komai, sai dai suga ya ƙi sauka alhali ba a canza abinci ko adadin allura ba.

Babu inda darajar ƙwaya guda a cikin carbin ke fitowa fili kamar sikila. Himogulobin, wanda ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, sarƙa huɗu ne: alfa biyu masu amino asid 141 kowace, da beta biyu masu 146. Kowace sarƙa tana riƙe da ƙwayar sinadarin ƙarfe da oksijin ke maƙalewa a kai. A sikila, wuri na shida a sarƙar beta ne kawai ya canza: inda ya kamata a samu gulutamik asid, mai son ruwa kuma mai caji, sai aka samu balin, mai gudun ruwa. Vernon Ingram ne ya gano haka tsakanin 1956 da 1957. Da zarar himogulobin ɗin ya sauke oksijin, wannan balin da ke waje sai ya nemi maɓoya a jikin maƙwabcinsa, shi ma ya maƙale a na gaba, har su zama dogayen sanduna da ke tanƙwara ƙwayar jinin kamar lauje. Irin waɗannan ƙwayoyi suna toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ciwon ƙashi ke tasowa. Kuma maimakon kwana 120 da lafiyayyar ƙwaya ke yi, su kwana 10 zuwa 20 suke yi, shi ya sa jini ba ya isa.

Wanda ya gane wannan zai gane shawarwarin da ake ba iyaye. Ƙarancin ruwa a jiki yana sa himogulobin ya yi kauri a cikin ƙwaya, sandunan su yi saurin haɗuwa, don haka ake nanata shan ruwa ko da yaro bai ce yana jin ƙishi ba. Sanyin hunturu yana tsuke hanyoyin jini, jinin ya daɗe a inda oksijin ya yi ƙaranci. Zazzaɓi kuma yana haɗa su duka, shi ya sa zazzaɓin mai sikila ba na jira har gobe ba ne. Jariri ba ya nuna alama a watannin farko saboda har yanzu yana da himogulobin na ɗan tayi, wanda ba shi da sarƙar beta, sai wajen wata shida ya ja baya. Maganin haidiroksiyuriya da likitoci ke rubutawa, babban aikinsa shi ne ya sa jiki ya ƙara yin wannan na ɗan tayin.

Gwajin jinotaif ma a kan wannan ƙwaya guda ya dogara. Ana ɗora jini a kan takarda ta musamman a saka lantarki, kuma da yake S, wato himogulobin na sikila, ya rasa cajin da A, wato lafiyayyen himogulobin, ke da shi, tafiyarsa ba ta kai ta A nisa ba. Abubuwa uku ke yawan ɓata sakamako. Wanda aka yi wa ƙarin jini, jinin wani ne ke yawo a jikinsa, sai ya jira aƙalla wata uku. Gwajin nan mai arha da ke nuna akwai S ko babu, ba ya bambanta AS da SS, don haka bai isa a yanke maganar aure da shi ba. Sannan akwai wani nau'in himogulobin, C, inda amino asid ɗin laisin ne ya shiga wannan wuri na shida: AS da AC suna iya haifar SC, wanda shi ma ciwo ne. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da S, kuma ya yaɗu haka ne saboda AS yana ba da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Maganar da ake yi cewa damar haifar SS ga ma'aurata AS da AS "ɗaya cikin huɗu" ce kuwa, ta kowane ciki ce. Ba ta nufin ɗa na huɗu. Ana iya samun uku a jere duk SS. Wannan rashin fahimta ya jefa gidaje da yawa cikin wahalar da da an yi bayani da kyau da ba a shiga ba.

A koma kan akushi. Tara daga cikin amino asid 20, ciki har da laisin da methiyonin da tiriftofan, jiki ba ya iya haɗa su, dole daga abinci za su zo, kuma jiki ba shi da rumbun ajiye furotin kamar yadda yake ajiye kitse. Babban mutum yana buƙatar kimanin giram 0.8 ga kowane kilo na nauyinsa a rana, wato wajen giram 50 ga mai kilo 60. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin dafaffen wake wajen 13, kofin nono wajen 8. Masara da dawa da gero suna da furotin kusan kashi 10 cikin ɗari, amma laisin ɗinsu kaɗan ne. Wake yana da laisin, methiyonin ne ya yi masa ƙaranci, wanda hatsi ke da shi. Ashe koko da ƙosai, da shinkafa da wake, haɗi ne mai ma'ana. Akwai ma irin masara mai ingantaccen furotin, SAMMAZ 14, daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, mai laisin da tiriftofan kusan ninki biyu na masarar da aka saba. Ganda kuwa kusan duk kolajin ce, wato furotin ɗin fata, wadda ba ta da tiriftofan, don haka ba ta maye gurbin tsoka ko kifi. Garin rogo furotin ɗinsa bai wuce kashi 1 zuwa 2 ba.

Yaron da aka yaye shi ya fi shiga haɗari, domin cikinsa ƙarami ne, kunu tsararo kuma yana cika shi kafin ya samu abin da yake buƙata. Garin kunu na awo uku na hatsi da awo ɗaya na waken suya da aka soya sosai aka ɓare, da ɗan garin gyaɗa ko busasshen kifi, ya fi kunun zalla nesa ba kusa ba, kuma a dama shi da kauri. In ƙafafun yaro suka kumbura, a danna bayan ƙafafun biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. In rami ya zauna a dukkansu, ana zargin tamowa mai kumburi, wadda ke tafiya tare da faɗuwar albumin, furotin ɗin da hanta ke yi don riƙe ruwa a cikin hanyoyin jini. Irin wannan yaro asibiti za a kai shi a ranar, kada a fara ɗura masa nama da ƙwai a gida. Hanta da hanjinsa sun yi rauni, shi ya sa a asibiti ma da madara ta musamman mai suna F-75 ake farawa, wadda furotin ɗinta bai kai giram ɗaya a cikin mililita 100 ba, sai kumburin ya fara sauka, cin abinci ya dawo, sannan a ƙara.