Batura 40 da suka koma 27

Shekara shida ke nan ina shagon Baffana a bakin kasuwar Wunti, nan Bauchi, inda muke sayar da kayan sola: faranti, batir, inbata da wayoyi. Da can aikina shi ne hawa rufin mutane ina ɗaura faranti cikin rana. A farkon 2023 ciwon ƙafa ya kwantar da Baffa, sai ya miƙa mini mukulli da littafin shago ya ce, "Ɗana, ga amana." Ashe shekarar da aka zaɓa a ba ni amanar ita ce za ta gasa wa 'yan kasuwa aya a hannu.

Canjin kuɗi ne ya fara yi mana sallama. An sauya fasalin naira 200, 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, tsoho ya ƙi karɓuwa, sabo kuma ya ƙi fitowa. Masu zuwa mana daga Darazo da Alkaleri da Dass da kuɗi a aljihu suka ɗauke ƙafa. Wannan wahala ce ta kowa da kowa, kuma da kotun ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris abin ya fara lafawa. Ba ita ce ta karya ni ba.

Abin da ya karya ni, ciniki ne. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Duk mai janareta ya fara lissafi. Masu kemis, masu cajin waya, masu firijin ruwan sanyi, kowa sola yake nema. Na ce kakata ta yanke saƙa. Batura 40 ne a shago, na sayar da su tas kafin Yuli ya ƙare, a farashin da Baffa ya rubuta da hannunsa, har da ɗan ƙari na jin daɗi. Kusan rabinsu bashi ne, ga mutanen da muke sallah sahu ɗaya, za su biya bayan wata biyu ko uku. A littafi riba ce zalla. Har hula na saya.

Ban kula ba cewa a tsakiyar Yuni babban banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kuma da wannan farashin kwastan ke lissafa harajin kaya a tashar Legas. Ga kuɗin mota ya ninka. Sai a Oktoba na gama tattara basussukan, lokacin dala ta riga ta haura naira 1,000 a hannun 'yan canji. Na kira dilan da muke sarin kaya wajensa a kasuwar Alaba da ke Legas, na faɗa masa abin da ke hannuna, uwa da riba. Ya danna na'ura ya ce batura 27.

Da na je gaida Baffa da daddare, na buɗe littafi zan karanta masa lambobi, sai ya ɗaga hannu.

"Rufe wannan. Batura nawa na bar maka?"

"Arba'in, Baffa."

"Nawa za su dawo kan kanta?"

Na yi shiru. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi kuɗi baƙo ne a shago, kaya ne ɗan gida, shi ake ƙirgawa.

Tun daga ranar, kafin na ɗaga ƙofar shago sai na ji farashin Legas na safiyar nan, a kansa nake ɗora riba, ba a kan abin da na saya watan jiya ba. Bashi kuma ba ya wuce mako biyu. Wannan ne ya fi yi mini wuya. Akwai dattijon unguwarmu, abokin marigayi babana, da ya ce, "Yaro, jiya jiya ka ce kaza, yau ka ƙara? Kayan nan dai su ne a shagon." Gaskiya ya faɗa, su ne. Na durƙusa na yi masa bayani, ya tafi bai gamsu ba, kuma har yau gaisuwarmu ba ta koma kamar da ba. Ni ma kafin 2023 haka nake kallon 'yan kasuwa, ina cewa haɗama ce. Akwai masu haɗamar, ban musa ba. Amma akwai wanda batura 13 kawai yake gudun su sake ɓacewa.

Yanzu ga tafiya a gabana. Baffa da abokansa biyu sun haɗa jari za su cika kwantena ɗaya daga Chaina kai tsaye, tunda kowane hannu da kaya suka bi sai ya yagi rabonsa. Ƙafa ba za ta bar shi ba, ni aka ce na je. Bayan ƙaramar Sallah, a tsakiyar Afrilu, ake buɗe babban bajekolin Guangzhou, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957. Daga Kano zan hau jirgin Habasha zuwa Addis Ababa, daga can a wuce. Ni da iyakar tafiyata Legas ce, ita ma a motar dare. Fasfo ya fito, saura biza.

Waɗanda suka saba zuwa sun ce na sauka a unguwar Xiaobei, akwai Musulmi da abincin halal, kuma na sa manhajar WeChat a waya don da shi ake komai. Yare ba ya tsorata ni sosai, ai ciniki da na'urar lissafi ake yi. Abin da ke hana ni barci biyu ne. Na farko, batirin da aka rubuta 200Ah, wato yawan cajin da yake ɗauka, a jikinsa alhali cikinsa bai kai ba. Na gaske mai dalma yana kai kilo 60 ko kusa da haka, don haka sai na ga an ɗora a sikeli a gabana. Na biyu, makonnin da kaya za su yi a teku da waɗanda za su yi a tasha. Ba mu san inda haraji zai kai kafin kaya su fito ba, saboda haka na ce da Baffa mu ware wani kaso kada a taɓa shi. Ya kalle ni ya yi murmushi, bai ce komai ba.

Inna kuwa tun yanzu ta fara daka yaji da kuka. Na ce mata kilishi dai ba a shiga da shi, ta ce to a ƙara daddawa.